Ƙwan Zabi da Rabin Waya

Zabin Inna farare ne tas, ba irin masu ɗige-ɗigen nan da ke cika kasuwar Argungu ba. Da su ta zo daga Augie a cikin kwando lokacin da aka kawo ta gidan mahaifinmu, kyautar uwarta, kuma tun daga nan ba su taɓa yankewa a gidanmu ba. Mahaifinmu ya rasu, 'yan'uwanta na Augie suka bi ɗaya bayan ɗaya, gidan da aka haife ta ma ambaliya ta cinye shi, amma zabin suna nan suna cika mana kunne da kuka. Mu da ta haifa muna iya yin laifi a hana mu fura. Zabi kuwa ko gero ya kusa ƙarewa a rumbu sai sun sami tsabarsu.

A farkon wata damina, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ciwon kaji ya shigo unguwarmu ya share ta. Kaji suka fara, sai agwagi, sai zabi. Ni a lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata a Birnin Kebbi, muna zaune a unguwar Nassarawa da mijina Maliki, kuma duk Asabar nakan shiga motar haya in je Argungu in gaishe da Inna. Asabar ɗin da na je na tarar da tsakar gida shiru, na san an gama. Inna na zaune a ƙofar ɗaki da ƙaramar ƙwarya a kan cinyarta, ta rufe ta da faifai.

"Dut sun tahi," ta ce. "Saura wa'anga."

Ƙwai ne, waɗanda zabin suka saka a gindin geza kafin ciwon ya kama su. Da dogon ludayi ta kwaso su kamar yadda ta saba, don kada hannun mutum ya taɓa gurbin. Ba su ma cika ƙwaryar ba. Kowa ya san zabuwa ba ta iya kwanci, kaza ake sa wa ƙwanta ta ƙyanƙyashe mata. To ina kazar? Babu ko ɗaya a unguwar, kuma wadda duk aka sayo daga waje ciwon da ke cikin ƙasar gidan ne zai tarye ta. In ƙwan nan suka lalace, irin zabin kakarmu ya ƙare ke nan, kuma duk wanda ya dubi fuskar Inna ranar ya san ba zabi kaɗai za a rasa ba.

Na ce mata zan yi musu kazar katako.

Cikin makon na sa kafinta ya buga mini akwati, na huda ramukan iska a gefensa, na shimfiɗa buhun algarara a ciki. Maliki ya ba ni tsohuwar na'urar cajin batirin mota da ke ajiye a ƙarƙashin gado. Na warware wayar wani mataccen rishon lantarki, irin mai murɗi-murɗin nan, na yi lissafina, na auna tsawon da zai ba ni ɗumin jikin kaza, na zagaya ta a kan ƙusoshi a ƙasan akwatin. Na gwada shi a ɗakina har na tabbata, sannan na sayi ma'aunin zafi a kemis na ɗaura masa jan zare a daidai inda ake so ruwansa ya tsaya.

Ni so na yi in ɗauko ƙwan in kawo su Birnin Kebbi, inda idona zai kasance a kansu. Inna ta ce ko kusa, ƙwai ba su bin hanyar mota, kuma zabin uwarta ba za su buɗe ido a gidan haya ba. Haka na ɗora akwati a cinya na kai shi Argungu, ɗakin Inna, inda dama akwai wutar lantarki.

Ina cikin haɗa waya yayana Dankure ya shigo. Shi ne babba a wurin Inna, shi ke riƙe da gidan, sana'arsa bandar kifi. A nan kam ba ni da abin cewa: kifinsa ba ya ƙonewa, ba ya fita ɗanye, mata daga nesa suke zuwa saye. Matsalar Dankure ɗaya ce. Da yake ya iya wutar banda, gani yake duk wutar da ke duniya ƙanwar wutar banda ce.

Ya tsuguna ya leƙa cikin akwatin. "Wanga tulin waya duka na mi na?"

"Don kada zahi shi yi yawa, Yaya."

Ya dube ni, ya dubi Inna, ya bushe da dariya. "Waya da yawa, zahi kaɗan? Abin da a ka koya ma ɗiyan mutane ke nan Birnin Kabi?"

Na haɗiye abin da ya taso mini, na yi masa bayani a hankali kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Na ce na'urar cajin nan da ƙarfi ɗaya take turo wuta, bolt goma sha biyu, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Wayar ita ke tare wutar ta hana ta kwarara, shi muke kira turjiya. Doguwar waya turjiyarta da yawa, saboda haka wutar da ke ratsa ta kaɗan ce. Zafin da ke fita kuwa ƙarfin turin ne sau yawan wutar da ta wuce. In aka yanke rabin wayar, turjiya ta koma rabi, wuta ta ninka, zafi ya ninka. Har misali na kawo masa da lambun albasa: inji ɗaya, ruwan da ya bi doguwar magudana a gajiye yake isowa, wanda aka sako ta gajeriya kuwa sai ya tumɓuke shuka.

"Ni dai abin da nis sani," ya ce yana miƙewa, "in wutab banda ta yi yawa, icce a ka zarewa."

"Wayag ga ba icce na ba, Yaya. Don Allah kada kowa shi taɓa ta. In zahi ya wuce jan zare, a buɗe ramukkan iska, ko a kashe daga bango hal shi sauka. Shi ke nan."

"To, Malama, mun ji," ya ce, ya fita yana kaɗa kai. Na tsani yadda yake faɗin Malamar nan, kamar sunan wani ciwo.

Inna ba ta saurari bayanin ba, hankalinta na kan ƙwai tana jera su. Na nuna mata yadda za ta riƙa juya su safe da yamma, da tasar ruwan da ba a bari ta bushe, da fitilar kananzir da za a tura ƙarƙashin akwatin in an ɗauke wuta. Ma'aunin zafin kam kallo ɗaya ta yi masa ta kawar da kai. Nata ma'aunin shi ne ta ɗauki ƙwan ta ɗora a fatar idonta.

Abin mamaki, abu ya yi. Asabar ta zagayo na haska ƙwan da tocila a kusurwar ɗaki, sai ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki. Ta gaba kuma muka ga abu baƙi yana motsi. Inna ta kira Kulsumi matar Dankure ta zo ta gani, ta kira maƙwabta, har da waɗanda ba su magana da juna. Ta koma cin tuwonta sosai. Ta sa aka share tsohon akurki aka ƙona ciyawa a ciki, ta fara ɓarza gero tana tarawa. Na bar Argungu ranar ina lissafin cewa zuwana na gaba ko wanda ke bi masa zan tarar da 'yan tsakin zabi.

A makon ne ruwa ya ɗauke. Rana ta buɗe, aka yi wani irin zafi mai gumi, ko a aji 'yan mata sai fifita suke da littafi. Na tuna da akwatin, amma ban damu ba. Ai na faɗa musu abin da za su yi, kuma da Hausa na faɗa.

Da hantsin Asabar na sauka a tasha na shiga gida. Tun daga ƙofar ɗakin Inna na ji wari, warin roba mai zafi haɗe da wani abu da ban so in ba shi suna ba. Inna ba ta ciki. Na'urar caji tana ta gurnani a ƙasa. Na taɓa murfin akwatin na fizge hannuna, kamar murfin tukunya a kan murhu. Na kashe wuta daga bango na buɗe. An cusa tsumma a kowane ramin iska. Tasar ruwa ta bushe ƙarau. Ruwan ma'aunin zafi ya wuce jan zare ya haye har ƙarshen gilashin. Wayata kuwa, wadda na zagaya ƙasan akwatin da ita, ta koma 'yar guntuwa, an murɗe bakinta da filaya an maƙala a ƙusa. Na ɗaga kai, sai ga sauran a rataye a bango, guntaye biyu, an naɗe su tsaf an adana don kada su ɓata.

Na ɗauki ƙwai na haska. Babu motsi. Na ɗauki wani, na ɗauki wani. Duk ɗaya.

Ban san lokacin da na isa bayan gida wurin banda ba. Dankure na tsaye cikin hayaƙi yana juya tarwaɗa a kan raga, Kulsumi na gefe tana wanke wani kifin, ga mata masu saye zaune da kwandunansu.

"Dankure!"

Tunda aka haife ni ban taɓa kiran sunansa ba sai ranar. Kulsumi ta saki kifin da ke hannunta. Matan suka daina hira.

Na jefa masa guntayen wayar a ƙafa. "Mi nac ce maka? Mi nac ce maka game da wayag ga? Da Turanci niy yi maganar, ko da Larabci? Ban ce kada a taɓa ba?"

Ya ci gaba da juya kifinsa.

"Ka kashe su! Dut ka kashe su, ko guda ba ta yi saura ba! Kai ad da sanin wuta, ko? Sarkin wuta! To ga shi ka yi bandar zabin Inna tun suna cikin ƙwai. Sai ka kwaso ka saida ma wa'anga!"

"Asiya," Kulsumi ta ce a hankali, "yayanki na hwa."

"Na san yayana na! Da wani na da ya saurare ni! Da ɗan koyon gyaran rediyo na yaz zo yah hwaɗi abin da nih hwaɗi, da an ce to. Amma tunda Asiya ta, wadda anka goya, wadda anka share ma majina, sai dariya. Mi ta sani? Littahi kawai ta haddace!"

Na faɗi wannan, na faɗi abin da ya fi wannan. Na tono dariyar da ya yi mini ranar da na tafi kwaleji, da Malamar da yake ja mini kamar zagi. Muryata har ta dushe. Shi kuwa yana tsaye, idanunsa sun yi ja, ban sani ba ko hayaƙi ne ko maganata, bai ɗaga kai ba. Shirun nan nasa ya fi komai ƙona mini rai, don na ɗauka raini ne.

"Bar shi hakanan."

Inna ce. Daga maƙwabta ta dawo, tana dogara sandarta, da 'yar ƙwaryar tsakin gero da ta je aka ɓarza mata. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

"Bar shi," ta sake cewa. "Ni nas sa shi."

Na juya na dube ta.

"Ran Laraba na aza ƙwan ga idona, na ji ya hi na kaza zahi. Kin ce a buɗe ramukka, ni ko iska ba ta bugun ƙwan da yak kusa hwashewa, tun ga uwata haka nit taras. Kin ce a kashe, na ji tsoron su yi sanyi. Sai nic ce mai shi rage wutar kaɗan."

"Yac ce miki mi?"

"Yac ce kin hana. Nic ce ni nih haihe ki."

Kitsen kifi na ta ɗiga a wuta. Wani zai ce a nan ya kamata fushina ya kwanta. Bai kwanta ba, ƙaruwa ya yi, sai dai ya rasa inda zai sauka, don haka ya koma kan Dankure.

"Ita ba ta ji bayanin ba. Kai ka ji! Kana tsugune gabana nim maka shi dalla-dalla!"

Sai a lokacin ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In ce ma Inna ba ta san zahin ƙwai ba? Ita da ta ka ƙyanƙyasar zabi tun ba a haihe mu ba?"

"Sai ka shiga mota ka zo ka kira ni! Birnin Kabi Makka ta?"

"Na ga abu na kaɗan." Ya goge fuska da hannun riga. "Kuma gaskiya, Asiya, ni ma hankalina bai kama zancenki ba. Abin da ka ba da zahi, ka rage shi, shi ƙaru? Nic ce ƙila kin yi kure."

"To da kay yanke, ba ku ji zahin ya ƙaru ba?"

"Mun ji," Inna ta ce.

"Kunka yi mi?"

Suka dubi juna, uwa da ɗanta. Dankure ya sunkuyar da kai ya dubi guntayen wayar nan biyu da ke ƙafarsa.

"Munka ce ba mu rage isasshe ba," ya ce. "Sai nis sake yankewa."

Na zauna a ƙasa, a nan cikin toka da ɓawon kifi, da zanen fitata. Na so in yi dariya, na so in fasa ihu, na so in kifar da bandar gaba ɗaya. Sun rage waya zafi ya ninka, akwatin da kansa ya gaya musu gaskiya da babbar murya, suka amsa masa da filaya. Kuma ba mugunta ba ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ba su yi barci ba, ba su yi sakaci ba, suna tsaye a kan akwatin suna kula da shi har suka kashe abin da ke ciki. Da sakaci ne da na san irin zagin da ya dace.

Inna ba ta fahimci girman abin ba tukuna, na gani a fuskarta. Tana jin faɗan, amma tana riƙe da ƙwaryar tsakin geronta da hannu biyu.

"Yanzu in an maida wayar," ta ce, "sai su ci gaba?"

Matan nan masu saye suka tattara kwandunansu ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Kulsumi ta ja mayafi ta rufe baki.

Inna ta juya ta nufi ɗakinta, na tashi na bi ta. Ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa, ta zauna a gaban akwatin, ta ɗauki ƙwai ta ɗora a fatar idonta. Ta daɗe a haka. Ta kai shi kunne ta saurara. Sannan ta ƙwanƙwasa shi a gefen akwatin, ƙwan zabi da tauri, sai da ta maimaita kafin ya tsage, ta ɓare shi da farce a hankali kamar mai tsoron ji masa ciwo.

Ya riga ya zama tsako. Ga baki, ga 'yan yatsu, ga gashi a jiƙe ya kwanta a jikinsa, kansa a lanƙwashe ƙarƙashin fiffike. Ta shafa gashin da ɗan yatsa har ya ɗan tashi.

"Hwari na," ta ce. "Kin gani? Hwari tas."

"Na gani, Inna."

Dankure ya zo ya tsaya a ƙofa ya tare haske. Ban dube shi ba. Raina na tafasa har lokacin, kuma na san in na dube shi zan sake farawa.

Inna ta shimfiɗa gefen zanenta a cinya ta kwantar da tsakon. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗago ta dube ni, kuma a karon farko tunda na fara karatu ta dube ni kamar ta yarda na san wani abu.

"Ke da kis san abin ga," ta ce. "Da zahin yat taso musu, sun ji?"

Na san amsar. Na san tsako a wannan matakin yana motsi, yana jin sanyi yana jin zafi, yana juyi cikin ɓawon yana neman sauƙi, kuma ba nan take abin ya ƙare ba. Duk na sani, na karanta, na koyar.

"A'a, Inna," na ce. "Barci su kai. Ba su ji komi ba."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu cikin akwatin ta ɗauko na gaba.